Yadda Ake Bi Idan An Hana Ka Izinin Ƙara Gini a Gidanka a Gombe

Mutum ya tara kuɗin bulo da siminti, ya biya mai zane, ya kai takardu ofis don a ba shi izinin ƙara ɗaki biyu a bayan gida ko ɗora bene, sai amsa ta dawo cewa ba a amince ba. Abin da ciwo, musamman idan auren yaro ya matso ko damina ta kawo jiki. Sai dai sau da yawa zanen da ka kai ko takardun da ka haɗa ne aka ƙi, ba ƙarin ginin kansa ba. Aikin da ke gabanka shi ne ka gano ainihin abin da ya kawo cikas, ka gyara mai gyaruwa, ka ƙalubalanci wanda aka yi maka kuskure a kai, ka haƙura da wanda ba shi da magani.

Da farko, kada ka aza ko bulo ɗaya

Za ka sami masu ba ka shawarar ka yi gininka da dare ko ranar Asabar da Lahadi, wai idan ya kai linta ba mai rushe shi. Kada ka saurare su. Wanda bai taɓa neman izini ba yana iya cewa bai sani ba, ko da yake hakan ba hujja ba ce. Kai kuwa sunanka da lambar filinka suna cikin fayil, kuma an riga an ce maka a'a. Abin da ke biyo baya sananne ne: takardar dakatar da aiki, jan fenti a katanga, tara, daga ƙarshe katafila. A tsarin dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, har kuɗin rusau mai ginin ne ke biya.

Idan ka riga ka sayi siminti, ka sayar ko ka mayar wa mai shago ya riƙe maka a rubuce, domin siminti ba ya jure dogon ajiya, balle da danshin damina. Rodi da bulo da yashi za su jira ka. Ka sallami magini da leburori cikin mutunci, ka faɗa musu gaskiyar abin da ya tsayar da aikin.

Na biyu, karɓi dalilin a rubuce

"Oga ya ce ba zai yiwu ba" ba amsa ba ce. Kana buƙatar takarda mai kan ofis, da kwanan wata, da lambar fayil, da sa hannu, wadda ta bayyana dalilin ƙin amincewa.

Yana da kyau ka san inda kake tsaye a doka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ya sa takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, take zuwa da sharuɗɗa, ciki har da cewa ba za ka yi gini ba sai da zanen da hukuma ta amince da shi. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta ce a sanar da mai nema hukunci a rubuce, idan an ƙi a faɗi dalili, kuma jinkirin da hukuma za ta yi don neman ƙarin bayani kada ya wuce wata 3. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka dokar jiha da ƙa'idojin hukumar jiha su ne ke aiki a kanka kai tsaye. A Gombe, izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, bayanan filaye da takardun mallaka kuma suna hannun hukumar adana bayanan filaye ta jiha, GOGIS. Ka rarrabe ofisoshin nan biyu tun yanzu, domin mutane kan ɓata makonni suna neman maganin matsalar takardar fili a wurin masu duba zane.

Idan da baki aka gaya maka, rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, ka kawo lambar fayil da ranar da ka shigar da takardu, ka roƙi a ba ka hukuncin da dalilansa a rubuce. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka tafi da shi gida. Daga yau duk takardar da za ta shiga ofis haka za ka yi mata. Sayi fayil guda ka tara komai: rasiɗai, wasiƙu, hotunan gidan, taswirar safiyo.

Na uku, gane wace irin matsala ce

Nan ne ainihin aikin yake. Zauna da wanda ya yi maka zane ku karanta takardar layi-layi. Dalilan hanawa ba nauyinsu ɗaya ba.

Akwai matsalar takardun fili. Wannan ta fi yawa a tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari, Bolari, Herwagana da Kumbiya-kumbiya, inda gida ya bi hannu da yawa. Sunan da ke kan takarda na marigayi ne, mai neman izini kuma ɗansa ne. Ko an sayi gidan da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ba a taɓa canja suna a gwamnatance ba. Ko an raba fuloti gida biyu tsakanin 'yan'uwa ba a sanar da kowa ba. Ko akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru. Duk waɗannan suna gyaruwa, sai dai suna cin lokaci. Gidan gado yana buƙatar takardar rabon gado daga kotu, ko rubutacciyar yardar sauran magada. Gidan da aka saya, idan yana da C of O, dokar 1978 ta ce sai da amincewar gwamna mallaka ke komawa hannun mai saye. Ina ba ka shawara ka ɗauki wannan wahalar yanzu ko da ka fasa ginin, domin rikicin da za ka bar wa 'ya'yanka ya fi wannan tsada.

Akwai matsalar tazara da cika fili. Kowane gini ana so ya bar sarari tsakaninsa da iyakar fuloti, don iska da haske da hanyar kashe gobara da wurin da ruwan rufi zai zuba. A wurare da yawa a Najeriya ana neman mita 6 a gaba, mita 3 a gefe da baya, amma adadin yana bambanta da unguwa da girman fili, don haka ka nemi a rubuta maka wanda ya shafi naka. Ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30. Idan aka cire mita 3 a kowane gefe, faɗin da ya rage mita 9 ne. Idan aka cire 6 a gaba da 3 a baya, tsawon ya koma 21. Kenan cikin murabba'in mita 450, wurin da gini zai iya zama bai wuce 189 ba. Wanda ya yi wannan lissafin zai gane abin da ya sa ɗakin da yake son jingina wa katangar baya ya jawo hanawa. Ban da tazara, akwai iyakar kason fili da aka yarda gini ya rufe, kuma tsohon gini da sabo tare ake lissafa su.

Akwai matsalar hanya, wayar lantarki da kwari. Ita ce mafi tsauri, kuma a ganina hukuma tana da gaskiya idan ta tsaya a kanta. Manyan hanyoyin tarayya, irin ta Gombe zuwa Bauchi da ta Gombe zuwa Yola, doka ta keɓe musu mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Wayar lantarki mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 tana buƙatar mita 5.5 a kowane ɓangare, mai 132 mita 15, mai 330 kuma mita 25. Ba wanda ke da ikon sassauta maka wannan, kuma wanda ya yi maka alkawarin hakan kuɗinka kawai zai ci. Batun kwari kuwa duk ɗan Gombe ya san shi. Garin yana ƙasan tudu, ƙasarsa rairayi ce mai saurin zaizayewa, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma ya ratsa unguwanni da ƙarfi. Mutanen Malam Inna da na kewayen kwalejin horar da malamai ta tarayya sun ga yadda kwari ke cin gidaje ɗaya bayan ɗaya kafin a yi aikin gyara, ambaliyar 2004 kuma har yau ana tuna ta. Idan an ce ƙarin gininka ya shiga hanyar ruwa, ka je ka tsaya a wurin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka gani da idonka. Ɗakin da ya toshe magudana, ruwan da ya kora gidan wani zai shiga, wani lokaci ma naka.

Akwai matsalar ƙarfin gini, ga masu son ɗora bene. Gidan da aka gina don hawa ɗaya, sau da yawa harsashinsa ba shi da ginshiƙan da za su ɗauki nauyin dekin da wani hawa. A wasu sassan jihar ma akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, wadda ke fasa bango ko da ba a ƙara masa nauyi ba. Idan wannan ne dalilin, maganar magini cewa "zai ɗauka, na sha yi" ba ta wadatar ba. Sai injiniya mai rajista ya tona gefen harsashi ya duba, a gwada ƙasa idan da buƙata, ya rubuta rahoto da lissafi ya buga hatiminsa.

Sauran biyun gajeru ne. Idan filinka na zama ne kuma ka zana shaguna a gaba, ka sauya amfanin fili, kuma wannan yana da nasa izinin daban da ake nema kafin na gini. Idan kuma zanen bai cika ba, misali babu hatimin ƙwararre, babu taswirar da ta nuna tsohon gini da sabo, ba a nuna inda sokawe da rijiya suke ba, to wannan ita ce hanawa mafi sauƙin warwarewa.

Na huɗu, je ka ga jami'in da ya duba fayil ɗin

Kada ka tura dillali ko wani ɗan tsakani. Je da kanka, tare da mai zanenka, da kwafin zanen da fensir. Ba faɗa ka je yi ba, tambaya ka je yi. Bayan gaisuwa, magana irin wannan ta isa: "Ranka ya daɗe, na ga takardar, na kuma fahimci dalilin. Me zan canja a zanen nan ya cika ƙa'ida? Idan na ja ɗakin nan baya da mita ɗaya, ya wadatar?" Bari mai zane ya yi alama a kan takardar a gabansa. Ka tambayi ko gyara za ka kawo a kan tsohon fayil ko sabuwar nema za ka shigar, da kuɗin da hakan zai ci. Idan ba a taɓa zuwa duba wurin ba, ko kana ganin awon da aka yi ba daidai ba ne, ka roƙi a sake zuwa kana nan.

Duk kuɗin da za ka biya, ka biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ka karɓi rasiɗi mai sunanka. Kuɗin da aka miƙa a bayan ofis ba ya zama izini. Jami'i yana canja wurin aiki, gwamnati tana canjawa, amma ginin da ya hau kan hanya yana nan inda yake, kuma ranar da rusau ya zo ba wanda zai fito ya ce shi ya karɓa. Ban da haka haram ne, mun sani.

Na biyar, maƙwabci

Wani lokaci ƙorafin maƙwabci ne ya tsayar da fayil ɗin, ko da takardar ba ta ambaci suna ba. A gidajenmu abin da ya fi tayar da hankali shi ne tagar bene ko baranda mai leƙa tsakar gidan wani, sai indararo mai zuba a katangarsa, sai sokawe kusa da rijiyarsa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin bayani cewa ba ya halatta mutum ya buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabcinsa, ko ya yi haƙan da zai cutar da shi. Don haka mai wannan ƙorafi ba lallai hassada ce ke damunsa ba.

Ɗauki zanen ka same shi bayan la'asar. "Alhaji, na zo ne ka ga abin da nake son yi kafin na mayar ofis. Idan akwai abin da zai takura wa iyalinka, ka faɗa mini mu gyara." Ana iya ɗaga taga sama da tsayin mutum, a juya baranda ta fuskanci titi, a sa bututu ya kai ruwan rufi kwata. Idan kun daidaita, ku rubuta, ku sa hannu, mai unguwa ya shaida. Wannan takarda ba za ta soke ƙa'idar tazara ba, amma tana kawar da ƙorafin daga hanya. Idan rigimar ta iyaka ce, kada ku tsaya musu a kan inda tsohuwar katanga take. Ku kira safiyo mai rajista ya nemo duwatsun iyaka bisa taswira, ku raba kuɗin aikin idan zai yiwu.

Na shida, gyara zane ka mayar

Idan wanda ya yi maka zanen farko ba shi da rajista, lokacin canja shi ya yi. Kowace sana'a da hukumar rajistarta: masu zanen gine-gine suna rajista da ARCON, injiniyoyi da COREN, masu tsara birane da TOPREC, safiyo da SURCON. Tambayi lambar rajistarsa, ba rashin kunya ba ne. Ka guji wanda zai yi zane ya kai wa wani ya buga hatimi ba tare da ya taka gidan ba.

Gyaran kan zama ɗaya daga cikin waɗannan: rage girman ɗakin, matsar da shi daga katanga, mayar da shi wani gefen gidan da ke da sarari, rushe wani tsohon ɗakin ajiya ko rumfa don a sami kason fili, ko kafa sabbin ginshiƙai masu harsashinsu daban don bene ya tsaya a kansu maimakon tsohon bango. Wani lokaci ɗaki ɗaya da banɗaki da aka amince da su sun fi ɗaki uku da za su kwana a fayil.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi: kai zane mai kyau ofis, ka zo gida ka gina wani abu daban. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Izinin yana kan zanen da aka buga wa hatimi kaɗai, duk abin da ya saɓa masa gini ne marar izini.

Wajen mayarwa, haɗa da wasiƙa mai bin dalilan hanawa ɗaya bayan ɗaya: dalili na farko kaza, an gyara shi a shafi kaza, na biyu kaza, ga rasiɗin biyan kuɗin ƙasa. Wannan yana sauƙaƙa wa mai dubawa, kuma yana hana a ɓullo da sabon dalili ba tare da bayani ba. Ka riƙa leƙawa kana tambayar teburin da fayil ya kai, kana rubuta ranar.

Na bakwai, idan kana da yaƙinin an yi maka kuskure

Hukuma ma tana kuskure. Ana iya ɗaukar filinka a matsayin na wani, ko a yi aiki da tsohuwar taswirar unguwa, ko a auna tazara daga inda ba nan ne iyaka ba. A nan sai ka bi mataki-mataki. Fara da takardar neman sake duba hukunci zuwa ga shugaban hukumar. Ka taƙaita: ga abin da aka ce, ga abin da ya sa ba haka ba ne, ga hujja. Hujjar ita ce taswirar safiyo, rahoton injiniya, hotuna masu kwanan wata, kwafin takardar mallaka. Cewa "ai maƙwabcina ya yi irinsa ba a hana shi ba" ba ta da ƙarfi, sai idan shi ma izini aka ba shi a kan fili irin naka, kuma kana iya nunawa. In ba haka ba, ka jawo masa jan fenti kawai, kai kuma ba ka sami komai ba.

Idan ba a amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, rubuta wa ma'aikatar da ke kula da hukumar, ka haɗa kwafin duk abin da ya gabata. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan kuɗi. Tana da amfani musamman idan matsalar jan ƙafa ce ko ƙin ba da dalili.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumi a kan filin da gwamna ya ba da takardarsa. Ka ga lauya da wuri ko da ba ka yanke shawarar shigar da ƙara ba, domin wasu ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati doka ta ƙayyade musu wata 3, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu. Ka sani kuma cewa alƙali ya fi duba ko an bi doka an yi maka adalci wajen yanke hukuncin. Ba zai zauna ya zana maka ɗaki ba. Sau da yawa iyakar abin da za ka samu shi ne a umarci hukuma ta sake dubawa. Ka auna kuɗin lauya da shekarun shari'a da darajar ɗakin da kake son ginawa.

Idan babu hanya, da kuma idan izini ya fito

Filin da ke ƙarƙashin babbar waya ko a bakin kwari ba zai sami izini ba, komai yawan wasiƙu. Sai a duba cikin gida: raba babban falo, mayar da gareji ko zaure ɗaki, gyara tsarin tsakar gida. Ko a nan ka tambaya kafin ka fasa bango mai ɗauke da nauyi ko ka canja fuskar gidan. Wasu kuma kuɗin ƙarin ginin suke kaiwa su sayi fili a bayan gari, wajen Tumfure ko hanyar Dukku, su fara a hankali. Idan haka za ka yi, ka kai lambar filin GOGIS a bincika maka kafin ka biya ko kwabo.

Idan kuwa an amince, karanta sharuɗɗan da ke jikin izinin, ka duba wa'adinsa. A dokar 1992 shekara 2 ne, bayan haka sai an sabunta idan ba a fara aiki ba. Ajiye ainihin takardun a gida, ka bar kwafin zanen mai hatimi a wurin aiki a hannun magini. Ranar da za a ja igiya a fitar da harsashi, ka tsaya da kanka da tef a hannu, ka auna tazarar kowane gefe daga dutsen iyaka, kuma ka gayyaci jami'an hukuma su gani kafin a zuba kankare.